Yadda mai haɗa kayan lantarki zai tsare aikinsa daga yankewar cip idan manyan ƙasashe suka saɓa

A ranar 30 ga Satumba, 2025, gwamnatin Holand ta sa hannu a harkokin gudanar da kamfanin Nexperia mai hedikwata a Holand, wanda mallakar Wingtech ne na ƙasar Sin. Cikin 'yan kwanaki Sin ta hana fitar da kayan da reshen kamfanin na birnin Dongguan da ke Sin ke kammalawa. Nexperia ba ya ƙera manyan cip masu tsada da ake ta surutu a kansu a labarai. Tiransista da dayod da ƙananan cip yake yi, yawancinsu 'yan santi ne kuɗinsu. Duk da haka sai da Honda ta rage aiki a masana'antunta na Arewacin Amurka, domin mota ba ta fita idan tiransista ɗaya ya yi gardama.

Mai haɗa inbata, ko na'urar cajin sola, ko mita, irin wannan ƙaramin kayan mai hanyar samuwa ɗaya tak ne yake tsayar masa da aiki. Ga yadda ake gano shi kafin rigima ta taso.

Fara da jerin kayanka, amma ka bi kowanne har gida

Ɗauki jerin duk kayan da ke kan allon na'urarka. Kowane cip ka rubuta cikakkiyar lambarsa har haruffan ƙarshe, domin su ne ke nuna siffar jikinsa da zafin da yake jurewa. Misali, ga ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura (cip ɗin da ke gudanar da manhaja), STM32F103 kawai bai isa ba. STM32F103C8T6 ne lamba. Sannan ka buɗe gurbi huɗu a gaban kowanne: wanda ya zana shi, inda aka sarrafa faifan silikon ɗinsa, inda aka kammala shi, wato aka yanka faifan aka sa wa cip ɗin jiki da ƙafafu, da dillalin da kake saya a hannunsa.

Gurbi na biyu da na uku su ne masu wahala, kuma a nan amfanin aikin yake. Sunan kamfani ba ya gaya maka inda kaya ya bi. Nexperia a Hamburg da Manchester yake sarrafa faifansa, amma a lokacin rigimar kaso mafi girma a Dongguan ake kammala shi, shi ya sa hanya ta yanke a tsakiya. MediaTek da Nvidia ba su da masana'antar faifai ko ɗaya, zane suke yi su kai wa masu sarrafa faifai irin su TSMC na Taiwan ko Samsung. STMicroelectronics kuwa yana da tasa a Faransa da Italiya da Singafo, yana kammalawa a wurare irin su Muar ta Maleshiya da Shenzhen da Bouskoura ta Maroko.

Ƙasar da ke rubuce a jikin leda ko nadin kayan, galibi inda aka kammala ne, ba inda aka sarrafa faifan ba. Don sanin sauran, nemi takardun sanarwar canji da kamfanoni ke fitarwa, waɗanda ake kira PCN. Duk lokacin da za su mayar da wani cip zuwa wata masana'anta sai sun rubuta tsohon wuri da sabo. Manyan dillalai irin su DigiKey da Mouser suna lissafa waɗannan takardu a shafin kowane kaya, kuma kyauta ake karantawa. Idan ka gama, ka ja layi ƙarƙashin duk cip ɗin da gurbinsa na biyu ko na uku yake da suna ɗaya kacal.

Ka san rigimar da ta shafe ka da wadda ba ta shafe ka ba

Takunkumin da Amurka ta sanar ranar 7 ga Oktoba, 2022, da ƙarin da ta yi a 2023 da 2024, manyan cip na ƙirƙirarriyar basira da injinan ƙera su ya nufa. Injin EUV mai zana da haske mai tsawon nanomita 13.5, kamfanin ASML na Veldhoven a Holand ne kaɗai ke yin sa a duniya, kuma ba a taɓa sayar wa Sin ko ɗaya ba. Wannan babban lamari ne ga kamfanonin Sin irin su Huawei da SMIC mai ƙera cip, amma ƙwaƙwalwar inbata da MOSFET (tiransista mai kunna wuta da kashewa) da cip mai daidaita wuta duk da tsohuwar fasaha ake yin su, daga nanomita 40 zuwa sama, kuma Sin tana ta ƙara masana'antun irinsu. Takunkumin ba ya taɓa su kai tsaye. Ramuwar gayya ce ke taɓa su.

Haka labarin ɗanyen kaya. Sin ta fara buƙatar lasisi kafin fitar da galiyom da jamaniyom daga 1 ga Agusta, 2023. Galiyom yana cikin cajojin zamani masu GaN (haɗin galiyom da naitirojin) da kuma cip masu ƙara ƙarfin sigina a waya, amma babu shi a MOSFET na silikon. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya rufe kamfanonin iskar neyon (wadda ake amfani da ita wajen ƙera cip) na Mariupol da Odesa a 2022, farashin iskar ya tashi, amma masana'antu ba su tsaya ba, saboda suna da ajiya kuma sun nemi wasu hanyoyi. Irin wannan labari ba dalili ba ne na zuba jarinka duka a kaya.

Taiwan daban ce. Mafi yawan cip mafi ci gaba a can TSMC ke yin su, kuma tsibirin yana da babban kaso na tsofaffin ma, ga kamfanin ASE mai kammalawa a Kaohsiung. Masana'antun TSMC na Arizona da Kumamoto sun fara aiki, ta Dresden kuma an aza harsashinta a 2024, amma duka ba su kusa da abin da ke Taiwan ba. Duk cip ɗin da gurbinsa ya nuna Taiwan kaɗai, ka sa shi a sahun farko.

Abu ɗaya na doka: a shafin dillali akwai lambar ECCN ta kowane kaya, wato ajinsa a dokar fitar da kaya ta Amurka. EAR99 na nufin kayan gama-gari, 3A090 kuma ajin manyan cip ne masu takunkumi. Idan dillali ya nemi ka cike takardar bayanin wanda zai yi amfani da kayan, ka cike da gaskiya, domin ƙarya a nan na iya sa a rufe maka asusu.

Lissafin ajiya

Sarrafa faifai daga farko zuwa ƙarshe yana cin kusan wata uku zuwa huɗu, kafin a yanka a gwada. Sabuwar masana'anta kuwa shekaru take ɗauka da biliyoyin daloli. Saboda haka idan kaya ya yanke, ba a cike giɓin a mako biyu. A 2021, da annobar korona ta haɗu da sanyin Texas na Fabrairu da gobarar masana'antar Renesas ta Naka a Maris, lokacin jiran wasu ƙananan ƙwaƙwalen na'ura ya kai mako 52.

Lissafin mai sauƙi ne: abin da kake ci a mako, sau makonnin jira. A ce kana haɗa inbata 50 a mako, kowace da ƙwaƙwalwa 1 da MOSFET 12. Idan jira mako 12 ne, dole ƙwaƙwalwa 600 da MOSFET 7,200 su kasance ko a rumbu ko a kan hanya. Idan jiran ya koma mako 26, ƙwaƙwalwa 1,300 kake buƙata. Ƙarin 700 ɗin shi ne ajiyar rigima, kuma kayan da ka ja wa layi kaɗai suka cancance ta. MOSFET da kamfanoni biyar ke yin makamancinsa ba ya buƙatar haka. Rubuta lokacin jiran kayan da ka ja wa layi sau ɗaya a wata. Idan ya ƙaru wata biyu a jere, ka yi oda a lokacin, domin 'yan kasuwar bayan fage kan ɗaga farashi kwanaki kaɗan bayan labari ya fita.

Kada ka yi oda ɗaya a wurin dillalai biyu da niyyar soke guda. A lokacin ƙarancin kaya yawanci sharaɗin shi ne ba sokewa ba mayarwa, sai ka wayi gari da kayan shekara biyu bayan farashi ya faɗi.

Ajiya ma tana lalacewa. Jikin cip na roba yana shan danshi. Wanda aka rubuta wa MSL 3 (matakin jure danshi) awa 168 kawai yake da shi bayan buɗe leda, kuma wannan a zafin da bai wuce digiri 30 ba da danshin da bai wuce kashi 60 cikin 100 ba. Damina a Kano ko Kaduna tana wuce wannan iyaka. Idan ya sha ruwa aka sa shi a tanda ko aka hura masa iska mai zafi, tururi kan tsaga shi daga ciki, wani lokaci ba zai nuna ba sai na'urar ta je hannun mai saya. Bar shi a ledarsa a rufe da ƙunshin busarwa, ka duba katin danshi ranar buɗewa. Idan katin ya canza launi, a gasa kayan a digiri 125 na tsawon awannin da takardar kamfani ta faɗa, amma a cire su daga nadin roba tukuna, don nadin ba ya jure wannan zafin.

Madadi sai an gwada shi tun ana zaman lafiya

A 2021 mutane da yawa sun koma GD32F103 na kamfanin GigaDevice a madadin STM32F103, saboda ƙafafunsu sun yi daidai. Daidaiton ƙafa ba daidaiton hali ba ne. GD32 yana kai megahaz 108, STM32 kuwa 72. GD32 yana buƙatar aƙalla bolt 2.6, shi kuwa STM32 yana aiki har a 2.0. Saurin karanta ma'ajiyarsu ma ya bambanta, don haka manhajar da ke auna lokaci ta hanyar ƙirga zagaye takan yi gaggawa a kan GD32. A inbata, kuskuren lokaci na iya buɗe MOSFET na sama da na ƙasa tare, su ƙone nan take. Haɗa allo 10 zuwa 20 da madadin, ka ɗora musu cikakken lodi a ɗaki mai zafi, ka gwada su da batir mai rauni, sannan ka ajiye manhajar kowanne daban da suna bayyananne.

Ka kuma cike wa madadin gurbinsa huɗu. Idan kamfanoni biyu duk a masana'anta ɗaya suke sarrafa faifai, ko a gari ɗaya suke kammalawa, hanya ɗaya ce mai suna biyu.

Jabun kaya

Da zarar dillalai na hukuma sun ce babu, kasuwar bayan fage takan cika da kaya, musamman ta Huaqiangbei a Shenzhen. Akwai na gaskiya a ciki, akwai waɗanda aka ciro daga tsofaffin alluna aka goge, akwai kuma ƙaramin cip da aka buga wa lambar babba. Sayi kaɗan ka gwada kafin ka biya sauran.

Goga auduga mai asiton a saman cip ɗin: idan baƙi ya fita ko rubutu ya goge, an sake masa fenti. Duba ƙafafun da madubin ƙara girma, ko akwai ragowar dalma ko alamar an miƙe su. Inda aka buga kwanan wata da lamba huɗu, biyun farko shekara ce, biyun ƙarshe mako: 2418 na nufin mako na 18 na 2024. Nadi ɗaya mai kwanan wata iri-iri abin zargi ne, haka lambar makon da ta wuce 53.

Ga MOSFET, awo ya fi ido. IRF3205 na gaskiya yana jure bolt 55, kuma tirjiyarsa idan ya buɗe ba ta wuce miliyom 8 ba. Ba ƙofarsa (ƙafar da ke kunna shi) bolt 10, ka tura amfiya 10 ta cikinsa na ɗan lokaci, ka auna faɗuwar wuta kai tsaye a kan sauran ƙafafun biyu, ba a kan wayoyin gwaji ba. Ya kamata ka ga milibolt 80 ko ƙasa da haka. Idan ka ga 200, silikon ɗin da ke ciki ƙarami ne, kuma zafin da zai fitar a lodi ɗaya ya ninka na gaskiya sau biyu da rabi. Ɗauki samfur daga farkon nadi da tsakiya da ƙarshe, domin masu ha'inci kan jera na gaske a bakin nadin inda suka san za a fara gwadawa.