Yadda na koma gudu bayan an yi mini aiki a gwiwa

Ranar da na fara sassarfa bayan tiyata, minti ɗaya kacal na yi, kuma a cikin mintin nan wani dattijo mai tafiya da carbi a hannu ya kusa wuce ni. Wata huɗu ke nan da yi mini aiki a gwiwar hagu. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke a ƙwallon yamma ta unguwa. Na dasa ƙafa zan juya, na ji ɗas, sai ga ni a ƙasa. Irin wannan ba aikin mai ɗori ba ne, don ba ƙashi ne ya karye ba. Sai da aka ciro jijiya daga bayan cinyata aka dasa mini a madadinta.

Yawanci tsakanin mako 12 zuwa 16 bayan tiyata ake fara maganar gudu, amma ba kalanda ke ba da izini ba. Likitar gashin ƙashi da ke duba ni sai da ta tabbatar gwiwar tana miƙewa sambal kamar ɗayar, babu kumburi, kuma ina iya tafiyar minti 30 ba ɗingishi. Ta auna ƙarfin tsokar gaban cinya, ta ce sai ya kai aƙalla kashi 70 cikin ɗari na ƙafar da ke lafiya. Sannan ta sa na tsaya a ƙafa ɗaya in ɗan durƙusa sau 10. "Malam, dubi madubi," in ji ta. Na duba, sai na ga gwiwar tana karkata ciki kamar tana neman 'yar'uwarta. Wannan kaɗai ya ƙara mini mako uku.

Tarkon da ke cikin lamarin shi ne, wajen mako na 6 zuwa na 12 ciwo ya lafa, ka ajiye sanduna, kana jin kanka garau, alhali a daidai lokacin ne sabuwar jijiyar take da rauni, domin jiki na cikin sake gina ta. Jin daɗin jiki a nan ba shaida ba ne.

Ga tsarin da na bi. Makon farko: tafiya minti 4, sassarfa minti 1, sau biyar. Mako na biyu: tafiya 3, sassarfa 2. Na uku: 2 da 3. Na huɗu: 1 da 4. Daga nan sai minti 15 a jere, ana ƙara kaɗan-kaɗan. Kwana ɗaya gudu, kwana ɗaya hutu, ba fashi a hutun. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako guda. Zaɓi ɗaya, kuma nisan ne farko.

Abin da na fi so ka riƙe: gwiwa ba ta ba da amsa a filin gudu, sai washegari da safe. Kana cikin gudu jini ya ɗumama, komai lafiya lau. Don haka na ari tef ɗin awo wurin telan da ke ƙofar gidanmu, kullum na tashi sallar Asuba sai in zagaya shi a gwiwar, daidai tsakiyar ƙoƙon, in rubuta a bayan wata tsohuwar kalanda. In awon ya ƙaru da santimita ɗaya, ko na ji ta cika ta yi tauri wajen saukowa daga matakala, to jiya na zarce. Sai in huta kwana biyu, in koma matakin baya. Ɗan ciwo da bai wuce 2 ko 3 cikin 10 ba, wanda ya baje kafin awa 24, ba abin damuwa ba ne.

Sau ɗaya na karya wannan doka. A mako na biyar da fara gudu na haɗu da tsofaffin abokan gudu, kunya ta hana ni tsayawa in yi tafiya a gabansu, na bi su minti 25 cur. Da safe gwiwar ta zama kamar ƙullin fura. Kwana goma ina ɗora ƙanƙara, ƙafa a kan matashi, ina jin haushin kaina. Tun daga nan ni kaɗai nake fita.

Nemi wuri shimfiɗaɗɗe, kamar filin makarantar firamare mai ƙasa a daddaɓe. Yashi mai zurfi da gangara su jira tukuna. Taku gajere, a kai a kai, kada ka riƙa wurga ƙafa gaba. In kana jin ƙarar ƙafa ɗaya ta fi ta ɗayar, ɗingishi kake yi ba ka sani ba, tsaya. Lokacin zafi kuwa bayan Asuba ne kawai ke yiwuwa.

Atisayen ƙarfafa cinya da ɗuwawu bai ƙare ba don ka fara gudu. Sau biyu a mako, komai gundurarsa.

In gwiwar ta kubce maka, ko ta kulle ta ƙi miƙewa, koma wurin likita. In kuwa sha-raɓa ya kumbura, ya yi zafi yana ciwo, a ranar za ka je asibiti, don yana iya zama gudan jini.

Ƙwallo daban ce da gudu, saboda juyi da birki. Likitana ya ce kada in ko tambaye shi kafin wata 9, kuma sai na ci gwajin tsalle da ƙafa ɗaya. Wani abin mamaki, na riga na kai kilomita 5 a guje kafin in iya zaman tahiya yadda ya kamata. Ranar da na mayar da kujerar roba da nake salla a kanta cikin ɗaki, wata na bakwai ne da aikin.