Kada littafin ya fi ƙarfin yaro

Iyaye, in yaronku na koyon wani harshe, ku gwada wannan kafin ku zaɓar masa littafi. Ku buɗe shafi ɗaya ya karanta, duk kalmar da ta shige masa duhu ya lanƙwasa yatsa. In yatsu biyar suka ƙare shafin bai ƙare ba, ya yi masa nauyi, a ajiye sai gaba. Biyu ko uku daidai ne.

Minti 10 kullum ya isa. In ya cije, kada ku yi saurin fassara masa, ya dubi hoton ya canka tukuna. Kuma ku bar shi ya maimaita. Nawa labari ɗaya ya nace wa har na gaji, rannan sai na ji yana yi wa ƙanwarsa faɗa da jimlolin ciki.