Yadda ake shirya wa aljabara da nahawu a jarrabawar GRE da GMAT

Wanda ya kammala digiri a Jami'ar Ahmadu Bello yake neman gurbin digiri na biyu a Amurka ya kamata ya fara tantance jarrabawar da makarantar take karɓa, domin GRE da GMAT duk sun sauya fasali a 2023. Daga Satumbar shekarar GRE ta koma ƙasa da awa biyu, sabuwar GMAT kuma ta cire tambayoyin gyaran jimla baki ɗaya, saboda haka duk wanda ya gaji tsohon littafi daga yayyensa a harabar jami'ar ta Samaru ko Kongo ya duba shekarar bugawa kafin ya ɓata wata guda a kan babin da ba za a tambaye shi ba.

Aljabarar ba ta wuce ta sakandare ba, lokaci ne ke kayar da mutane. Sashen lissafi na GMAT tambayoyi 21 ne cikin minti 45, babu kalkuleta, GRE kuwa tambayoyi 27 ne cikin minti 47. Don haka a riƙa atisaye da agogo a gefe, kuma a buɗe littafi guda na rubuta kurakurai, domin kuskuren jiya shi ke dawowa gobe da sabuwar riga. Misali, idan aka ce x² = 5x, mai gaggawa zai raba ɓangarorin biyu da x ya sami 5, ya manta cewa sifiri ma amsa ce. Haka nan idan aka ninka rashin daidaito (lissafi mai alamar > ko <) da lamba mai ƙasa da sifiri, dole alamar ta juya. Kafin a amince da amsa, a gwada ta da 0, da 1, da -1, da ½.

Nahawu bai daina amfani ba, wurin aikinsa ne ya sauya. A GRE akwai cike gurbin jimla da muƙala ta minti 30, kuma dukansu suna buƙatar mutum ya iya warware doguwar jimlar Turanci. Dabarar ita ce a nemo aikatau da mai aikata shi, a ajiye bayanan da ke tsakaninsu a gefe, sannan a lura da kalmomin da ke juya ma'ana. A ganina, sakin layi biyu da aka warware haka kowace safiya bayan asuba sun fi haddar kalmomi ɗari amfani, kuma tambayoyin gwaji na ETS da GMAC, masu shirya jarrabawar, su ne suka fi cancanta a fara da su.