Yadda za ka fara hawan keke a turbobin bayan gari, daga Kwalkwalawa zuwa Wamakko

Ranar da na fara fita da keken daji, ban yi nisa a gangare ba sai ga ni a ƙasa, keke a kaina, wani dattijo mai jaki yana tsaye yana kallona. Da ya tabbatar ban karye ba sai ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa cikin dajinga da keke, ga kwalta can?" Na ce, "Motsa jiki nake yi, Baba." Ya girgiza kai ya kora jakinsa.

Abin da ya kayar da ni birki ne, kuma da shi zan fara. Kekunan gwanjo da ake kawo mana daga ƙasashe daban-daban suke. Wanda ya fito daga Amurka, hannun hagu ne birkin gaba. Wanda ya fito daga Ingila kuwa, hannun dama ne. Ni na saba da tsohon keken gidanmu, na damƙe hannun da nake zaton na baya ne, ashe na gaba na kama. Saboda haka tun a wurin mai sayarwa, ɗaga tayar gaba ka juya ta, ka matsa kowane hannu ka ga wadda ta tsaya. Birkin gaba shi ya fi tsayar da keke, ba a gudunsa, amma matsa shi ake yi a hankali tare da na baya, da yatsa ɗaya ko biyu, ba damƙa ba.

Wannan wasa na hawan keke a turbobin daji a tsaunukan Kalifoniya ta Amurka ya samo asali a shekarun 1970, ya shiga gasar Olamfik a 1996 a birnin Atlanta. A can ana sassaƙa turbobi musamman domin keke, a sa musu launi: kore na ɗan koyo, shuɗi na wanda ya fara ƙwarewa, baƙi na gwanaye. Mu a Sakkwato ba wanda ya sassaƙa mana komai, ba mu kuma da manyan duwatsu. Amma jakai da raƙuma da manoma sun riga sun yi mana aikin tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne mutum ya san wace turba ce daidai da ƙarfinsa, ya sa mata launi a ransa.

Wajen sayen keke kada ƙyalli ya ruɗe ka. Na ga matasa da yawa suna rububin mai shokazoba gaba da baya saboda ya yi kama da babur. In mai araha ne, nauyi kawai za ka ɗauka, rabin ƙarfin ƙafarka kuma ya tafi a lilo. Nemi mai shokazoba a gaba kaɗai, ko ma marar ita, mai taya inci 26 da faɗin kamar inci 2, domin ita ce ba ka wahalar samun tiyub ɗinta a gari. Duba jikin ƙarfen ko akwai tsaga a wurin walda, musamman wuyansa. Hau ka canja giya duka ka ji ko sarƙa tana tsalle. Ka kuma duba bakin da ake busa iska: akwai mai kauri irin na babur, akwai siriri. In siriri ne, mai facin bakin hanya ba lallai famfonsa ya kama ba, sai ka sayi ɗan ƙaramin mahaɗi ka riƙa yawo da shi a aljihu.

Sirdi kuma, yawancinmu ƙasa muke barinsa don ƙafa ta taɓa ƙasa. Haka ake samun ciwon gwiwa. Zauna, ɗora diddige a kan feda lokacin da take can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sak, tsawon ya yi. Hular kwano ba na jayayya a kanta. Yara za su bi ka da dariya a ƙauye, mako biyu sun gaji.

Turbar farko, wadda nake kira kore, ita ce ta fadama. Ka bi hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wajen Kwalkwalawa da Dundaye akwai hanyoyin da masu noman rani ke bi zuwa gonakin albasa da shinkafa. Ƙasar shimfiɗe take, da rani ta bushe ta yi tauri, babu hawa babu gangare. A nan za ka koyi abu uku: canja giya ba tare da ka kalli hannunka ba, tsayuwa a kan feda, da kallon nesa. Wannan na ƙarshe ya fi wuya. Keke yana bin ido ne. In ka ƙura wa rami ido, cikinsa za ka faɗa. Dubi inda kake son wucewa, kamar taku goma a gabanka. Yi minti talatin ka juyo, ko da kana jin kamar za ka iya kaiwa Illela. Dawowa ce ke nuna gaskiyar ƙafa.

Da damina ka manta da wannan turba. Laka ce mai kama taya kamar danƙo, kuma gulbin Rima ba abokin wasa ba ne. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'a, ba sai an yi masa bayani ba.

Bayan fita biyar ko shida sai ka matsa zuwa shuɗi: burtalai da hanyoyin amalanke na yammacin gari, tsakanin Kalambaina da Wamakko. Nan ƙasa ta fara tashi da sauka, ga tsakuwa, ga marmara, ga kuma babban abokin gabarmu, yashi. Ka nisanci babbar hanya saboda manyan motocin siminti, ka kuma nisanci wuraren da ake haƙar dutse.

Yashi sai an zauna an koye shi. Kuskuren ɗan koyo shi ne ya ga yashi ya tsorata, ya kama birki, tayar gaba ta nutse, ya tuntsura. Tun kafin ka shiga ka sauko zuwa giya mai sauƙi. Ja jikinka baya kan sirdi don tayar gaba ta yi sauƙi ta riƙa yawo a sama. Sassauta riƙon sitiyari, in ya ɗan karkata bar shi, kada ka yi kokawa da shi. Sannan kada ka daina taka feda ko da daƙiƙa ɗaya, kada kuma ka yi kwana mai kaifi. Iskar taya tana da tasiri sosai a nan. Masu faci sun saba busa taya har ta yi tauri kamar dutse, domin kwalta suke tunani. A turba kana son wajen 30 a ma'aunin iska na psi, ka ƙara kaɗan in kana da jiki. In babu ma'auni, danna da babban yatsa, ta ɗan lotsa kaɗan. In ta yi laushi da yawa kuma, ƙarfen taya zai cije tiyub a kan dutse, ka ga huji biyu jere kamar saran maciji. Idan yashin ya fi ƙarfinka, sauka ka tura. Har yau ina turawa, ba na jin kunya.

Hawa ba shi da wata dabara mai yawa: giya mai sauƙi tun daga gindin tudu, zauna, sunkuyo da ƙirji. Kada ka canja giya kana tsakiyar danna feda da ƙarfi, sarƙa ke tsinkewa.

Gangare ne ke son natsuwa. Tashi daga sirdi, fedoji biyu su daidaita a tsawo ɗaya, lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu, ja ƙugu baya kaɗan. Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Gangaren da ba ka sani ba, sauka ka taka shi da ƙafa tukuna, domin ruwan damina yana yanka kwazazzabo a inda bara babu komai. Kan tuddan marmara da cikin kwazazzabai su ne baƙar turbarmu, kuma ba na ba wanda bai yi wata uku yana hawa ba shawarar ya leƙa su.

Sai ƙaya. Tsidau shi ne sarkin huda taya a ƙasar nan, ga na aduwa da bagaruwa da magarya. Kada ka ajiye keke a gindin itace mai ƙaya don neman inuwa, kada ka bar tsakiyar turba ka bi gefe inda ciyawa ta bushe. A jakata kullum akwai tiyub guda, kayan faci, ƙaramin famfo da safana. In ka cire tiyub, shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai huje kafin ka yi taku ashirin. Na koyi wannan ne ranar da na turo keke tun daga bayan Kalambaina har Arkilla da rana tsaka.

Ranar Sakkwato kuwa kowa ya san ta. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Ni daga sallar Asuba nake fita, kafin ƙarfe tara na dawo. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai hazon hunturu yana son tabarau da ɗan rawani ko takunkumi. Ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, ka riƙa kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba, da 'yan dabino a aljihu. In ka ji jiri ko ciwon kai, nemi inuwa ka zauna, tafiyar ranar ta ƙare.

Turbobin nan suna da masu su. Manomi da raƙuminsa, yarinya mai tallan nono, makiyayi da garkensa, duk sun riga ka. Ka rage gudu tun daga nesa, ka yi sallama, ka tsaya dabba ta wuce, domin jaki da raƙumi suna firgita da abin da ya zo musu ta baya ba sauti. Kada tayarka ta taɓa kunya ko bakin fangalin albasa, gumin manomi ne na wata da watanni. Ƙauyen da za ka riƙa ratsawa, je ka gaida mai gari ranar farko: "Ranka ya daɗe, mu mutanen cikin gari ne, muna motsa jiki ne ta nan." Mutum da hular kwano da jaka a baya a bayan gari, a wannan zamani, dole a yi masa kallon tuhuma in ba a san shi ba.

Maganar tsaro ma ba ta ɓoyuwa. Gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, da kuma wajen Tangaza, ba wuraren yawon keke ba ne yanzu, duk kyawun ƙasarsu. Tsaya kusa da gari inda waya ke kamawa, ku fita aƙalla ku biyu, ka faɗa wa mutanen gida inda za ka da lokacin dawowa. In mutanen ƙauye suka ce kada a bi ta nan yau, juya kawai.

Da ka dawo, kafin ka zauna shan fura, ɗauki tsumma ka goge sarƙa. Kada ka kwarara mata baƙin mai, ƙura ce za ta manne ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙoran giya cikin 'yan watanni. Ɗigo ɗaya na man keke a kowace gaɓa, juya feda baya sau goma, sannan ka goge wanda ya fito waje har tsumma ya daina yin baƙi. Sai ka juya tayoyin biyu ka tsince tsidau ɗin da bai gama shiga ba.