Kurakuran da aka fi yi wajen saita kan babur da hannayen birki da kuloci

Yawancin abin da ke sa ɗan acaɓa ya koma gida da ciwon kafaɗa da tsamin yatsu ba nisan tafiya ba ne, yadda kan babur da hannayensa suka zauna ne. Gyaran ba ya bukatar bakanike: sifana lamba 10 da 12, da filaya, da sukundireba sun isa a kan irin su Boxer da Jincheng da Haojue. Matsalar ita ce da yawa daga cikinmu mun ɗauka gyara shi ne a ɗaure komai tam. A wannan sashe na babur kuwa, ɗan sararin da aka bari shi ne gyaran.

Mu fara da kuloci, don nan aka fi ɓarna. Idan ka taɓa hannun kuloci, ya kamata ya ɗan yi wasa kafin ka ji ya fara jan waya. A ƙananan babura irin namu, wasan nan yakan kai milimita 10 zuwa 20 idan aka auna a bakin hannun, wato kusan faɗin yatsa guda. Mutum sai ya ji wasan, ya ce ai waya ta saki, ya murɗa noti har hannun ya tsaya ƙyam. Abin da ya yi shi ne ya bar kuloci a ɗan jaye kullum, ko bai taɓa shi ba. Faifan da ke ciki ba za su haɗu sosai ba, sai su riƙa zamewa suna ɗaukar zafi. Alamar ba ta ɓuya: ka ba da wuta a hawa da fasinja biyu, inji ya yi ta kuka, babur bai ƙara gudu ba. Sai a ce inji ya mutu, alhali noti ɗaya ne ya jawo, kuma kafin a farga faifan sun ƙone.

Akasin haka ma kuskure ne. Idan wasan ya yi yawa, ko ka danne hannun har ya taɓa roba kuloci bai gama rabuwa ba. Giya za ta riƙa shiga da ƙara, firi (inda babur ba ya cikin giya) ya yi wuyar samu, babur yana jan jiki a tsaye. Ƙaramin saiti ana yin sa ne a notin da ke kusa da hannu: ka sassauta zagayayyen notin kulle, ka murɗa na saitin, ka mayar ka kulle. Idan ka ga ka warware shi har zarensa ya kusa ƙarewa, tsaya. Mayar da shi ciki, ka sauka wajen inji inda wayar ta ƙare, a can ake babban saiti. Notin da aka fito da shi da yawa yakan cinye zaren mazauninsa. Sannan kada ka bar tsagar da ke jikinsa tana kallon sama, don ta nan ƙurar hunturu da ruwan damina ke shiga cikin waya. Juya ta ƙasa, ka mayar da robar da ke rufe wurin.

Hannun da ya yi tauri kuma, ba saiti yake so ba. Waya ce ta bushe ko ta fara tsinkewa. Cire ta ka ɗiga mata mai, ka shafa giris a kan ƙullin da ke shiga cikin hannun. In ka ga ko sili ɗaya ya tsinke a wurin, sauya ta tun kana gida.

Birkin gaba yana da tasa matsalar, kuma ta tsoro ce. Akwai masu sassauta shi da gangan har ya daina kamawa, wai kada ya kayar da su. A ganina wannan shi ne mafi haɗari cikin duk abin da ake yi wa babur. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, saboda haka tayar gaba ce ke ɗaukar mafi yawan aikin. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafkar birkin da ƙarfi lokaci guda, musamman a yashi ko a kwana, ba kasancewarsa a saite ba. A birkin waya, ka bar wasa kamar na kuloci, ka saita da notin da ke ƙasa kusa da taya, ka tabbata lanƙwasar da ke jikin notin ta zauna daidai a kan sandarta. Daga nan ka ɗaga tayar ka juya. In tana gogawa, ka matse da yawa. In kuma noti ya kai ƙarshe birki bai kama ba, takalman birkin ne suka cinye, murɗa ba za ta dawo da su ba.

Birkin mai kuwa ba shi da wayar saiti. Hannun da ya yi laushi yana nuna iska a ciki ko yoyo, wannan aikin bakanike ne. A kula da hannun kasuwa da bai dace ba: idan yana ɗan danne fistin da ke tura man birki ko ba a taɓa shi ba, birki na iya riƙewa da kansa in ya yi zafi.

Sai zaman hannayen. Hau babur ka zauna yadda kake tuƙi, ka miƙa yatsu a kansu. Daga gwiwar hannu zuwa yatsu ya zama layi ɗaya. Idan sai ka karya wuyan hannu sama kafin ka kamo birki, sun yi sama da yawa. Kuskuren shi ne saita su kana tsaye a gefe. Notin da hannun ke juyawa a kansa kuma ba a matse shi har ƙarshe; in ka sake hannu bai koma da kansa ba, ka wuce gona da iri.

Shi kansa kan babur, notuna huɗu ke riƙe da shi a tsakiya. A babura da yawa akwai ɗan ɗigo da kamfani ya buga a jikin ƙarfen, wanda ake daidaitawa da bakin mazaunin. In za ka matsa daga nan, kaɗan ya isa. Masu janyo shi baya sosai don su zauna a miƙe sukan manta da tanki, sai ranar da suka karya kai gaba ɗaya babban yatsa ya matse. Ka duba zanen ƙarfen ya fito daidai hagu da dama, ka ɗaure notunan kaɗan-kaɗan bi da bi. Ɗora bututu a kan sifana don ƙarin ƙarfi yana kashe zare ne kawai. Akwatin makunnan hon da sigina ma yakan zo da ɗan haƙori da ke shiga rami a jikin ƙarfen. In ka murɗa shi da ƙarfi haƙorin ya karye, daga nan ba zai sake tsayawa wuri ɗaya ba.

Bayan faɗuwa, an saba a sa tayar gaba tsakanin ƙafafu a murɗe kai ya dawo. Wannan yana aiki in ƙafafun babur da ke riƙe da tayar gaba ne suka ɗan goce a mazauninsu. In ƙarfen kan ne ya lanƙwashe, sabo ya fi. Haka hannun birki ko na kuloci: na alminiyon ne, in an miƙe shi yakan tsage ta ciki, ya ƙarasa karyewa ranar da aka fi bukatarsa. Wanda ƙwallon bakinsa ya gutsure shi ma a sauya shi, don tsinin na huda hannu. Robar riƙo kuma ba a sa ta da mai, gam ake sa mata.

Duk lokacin da ka taɓa kai, totur ma ya shafu. Ya kamata ya yi ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6, kuma ya koma da kansa da zarar ka sake shi. Kafin ka fita titi, tayar da inji a firi, ka karya kai hagu har ƙarshe, ka karya dama. Idan kukan inji ya ƙaru, wayar totur ta ɗame ko ta maƙale a hanya, sai an gyara mata zama. Ka taɓa kuloci a ɓangarorin biyu ka ji wasan bai ɓace ba, ka danna birki ka leƙa ko fitilar baya ta kama, sannan ka zagaya layi a hankali kafin ka ɗauki fasinja.