Kurakuran da aka fi yi da 'yar tsana mai nakasa, da yadda za a gyara su

Yaron da ya tashi a Makka ko Madina ba baƙon keken guragu ba ne. Kullum yana ganin sa a Harami, inda ake ce masa arabiya, ana tura tsofaffi da marasa lafiya. Sai dai abin da idonsa ya saba da shi ke nan: mai keke mutum ne da ake turawa. Idan aka miƙa masa 'yar tsana mai keke aka yi shiru, asibiti zai kai ta, ya dawo da ita, ya kwantar.

Wannan ne babban kuskuren, kuma a kan tabarma ake yin sa, ba a kanti ba. Mun kuma gaji wani wasan daga gida, inda yaro ɗaya zai rufe ido ya riƙe sanda, ɗan'uwansa ya zama ɗan jagora, su bi ɗaki-ɗaki suna bara, manya na dariya. Yaron da aka bari a haka zai haɗa nakasa da jinya ko roƙo, ko da an sayo masa 'yar tsana mafi tsada a Jidda. Gyaran shi ne a ba ta aiki. Uwa ta zauna da su minti goma a ranar farko, ta ce wannan ce malamar aji, ko mai shago, ko amaryar da ake kaiwa. Wata rana ma ta zama mai tsokana da ake yi wa faɗa, domin wadda kullum ake lallaɓawa ba ta zama abokiyar wasa. Idan ɗa ya ce, "Mama, me ya same ta?", amsar ta zama gajera: "Ƙafafunta ba sa tafiya, da keke take zuwa inda take so." A bar "Allah sarki" da "miskiniya". Yaran Madina kuwa suna da misali a ƙofar gida: Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha bar masa riƙon garin idan an yi tafiya.

Wasu iyayen ɗansu mai nakasa kaɗai suke saya wa, alhali 'yan'uwansa da 'ya'yan maƙwabta sun fi shi buƙatar darasin. A jefa ta cikin kwandon kayan wasan kowa. Kada kuma tsadarta ta sa a kulle ta a sif.

Akwai kuma gidan da ba ta iya shiga. Kamfanin Mattel, mai yin 'yar tsanar Barbie, da kansa ya faɗa wannan ramin: a 1997 ya fito da 'yar tsana mai keke mai suna Becky, sai aka tarar keken ba ya shiga lif ɗin gidan Barbie. Da ya sake fito da mai keke a 2019, sai ya haɗo ta da gangara. Ku auna faɗin keken kafin ku yanke ƙofar gidan kwali. Ƙa'idar magina ita ce kowane santimita 1 na tsayin dakali yana buƙatar santimita 12 na gangara, wato dakali mai santimita 2 zai ci kwali mai tsawon santimita 24. Ku bar yaran su fara gwada gajere su ga keken ya kife da baya, sannan su nemo gyaran da kansu.

Masu haɗawa a gida, kuma mun fi son wannan don sauƙin kuɗi, sukan maƙala wa 'yar tsana na'urar ji ta ɗan dutsen ado da gam na bindiga. Gam ɗin yana sakewa idan aka manta ta a mota da rani, abin ya ɓalle, ƙaramin ƙane ya kai baki. Duk abin da faɗinsa bai wuce santimita 3 ba haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara 3. A ɗinka siffar na'urar da zare mai launi a bayan kunne. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli kam kada ya kusanci kayan wasan, haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Sandar makauniya ta zama fara, tsayinta ya kai ƙirji, kuma a hannunta take, ba a hannun ɗan jagora ba.

Rubutun makafi ma ana ɓata shi. Ɗigon da aka zana da biro ado ne kawai, yatsa ba ya jin sa. Kowane harafi yana cikin gurbi mai ɗigo 6, biyu a kwance, uku a tsaye, kuma dole su taso. Yaranmu da suka saba da Larabci sukan jera su daga dama, alhali na Larabcin ma daga hagu zuwa dama ake karanta shi. Bulolin wasa na Lego masu wannan rubutu sun shiga kasuwa a 2023, amma a duba harshen da ke jikin kwalin kafin a biya, domin wanda aka yi don Turanci ba zai koya wa yaro haruffan Larabci ba.