Kurakuran masu kiwon kifi kan ƙwarin da ke zuwa da yanayi

Daga Garwa har Maga a arewacin Kamaru, da yawa daga masu kiwon kifi in suka ga kifi na mutuwa sai su garzaya kanti su sayo oksitetrasaikilin su zuba. Maganin bakteriya ne wannan, ba ruwansa da ƙwarin da ke manne a fata ko a wurin numfashi ƙarƙashin kumatu. Kuɗi sun tafi, kifi kuwa na nan na goga jiki a bangon kandami. A fara kama biyu ko uku a duba, a kuma lura da watan da ake ciki, domin kowane yanayi da nasa ƙwarin, ko kaf ake kiwo, ko karfasa, ko tarwaɗa.

Da hunturu, in zafin ruwa ya sauko wajen digiri 20 zuwa 25, sai fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri su fito wa kifi. A nan aka fi tafka asara. Mutum ya zuba magani sau ɗaya, ya ga ɗigon sun ɓace, ya ɗauka an gama. Alhali ƙwaron da ke jawo ɗigon saukowa ya yi ƙasan ruwa yana rarrabuwa ɗaruruwa, kuma muddin yana cikin fata magani ba ya cim masa, sai ƙananan sun fito suna iyo. Don haka a tankin siminti ko na roba a riƙe gishiri giram 2 zuwa 3 a kowace lita har mako biyu, in an canja ruwa a mayar da gishirin.

Bazara tata matsalar daban. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa na haura digiri 40, ruwa ya ja, kifi ya cunkushe, kwarkwatar kifi da tsutsar da ke kafe kai a tsoka su yawaita. In kifi na buɗe baki a saman ruwa da asuba, a rage abinci, a ƙara sabon ruwa, a rage yawan kifin. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne masu zuba maganin feshin auduga. Yana kashe ƙwarin, ya kashe kifin, wanda ya tsira kuma 'ya'yan mutane ne za su ci shi. Kada a yi.

Da damina ambaliya kan shigo da kifin daji da dodon koɗi, zalɓe ya biyo baya, daga nan rawayen ƙulli na tsutsar da suke ɗauke da ita ke bayyana a cikin tsokar kifi. Wannan ba a zuba masa magani. A sa raga a mashigar ruwa, bayan kwashe kifi a busar da kandami har ƙasa ta tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa.

'Ya'yan kifin da aka ɗebo daga tafkin Lagdo ko kogin Logon kuma a ware su mako biyu zuwa uku kafin a haɗa su da na gida. Komar da aka aro wurin maƙwabci a shanya ta a rana ta bushe sarai tukuna.